Daga ciwon maƙogwaro zuwa ciwon zuciya: ta yaya ƙwayar sitirep take yin wannan ɓarnar?

Uwar Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana a taimaka min da bayani, kaina ya kulle. Ɗana mai shekara 9 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ko yawu ba ya iya haɗiyewa sai ya runtse ido. Aka rubuta masa magani na kwana 10. Da ya kwana uku yana sha sai ya warware, ya koma wasansa, ni kuma na ajiye kwalbar. Bayan kamar mako uku ya tashi da safe ya kasa taka ƙafa, gwiwar dama ta kumbura ta yi zafi. Kwana biyu gwiwar ta saki, ciwon ya koma idon sawu, daga nan ya haura gwiwar hannu. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinsa, ya ce yana jin wata ƙara a zuciya, aka yi hoto, aka ce bawul ɗaya, wai ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, yana yoyo. Wai duk daga ciwon maƙogwaron nan ne. Ina maƙogwaro, ina zuciya? Abin da ya hana ni barci ke nan.

Baba Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yata. A fahimtata, ƙwayar ce ta gangara daga wuya ta bi jini ta je ta zauna a zuciyar. Ai da ma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Likitan Yara:
Allah ya ba yaro lafiya, Hajiya. Baba, karin maganarka ta dace, amma bayanin akwai gyara a cikinsa, kuma gyaran shi ne gundarin zancen. Da za a duba bawul ɗin yaron nan yau, ba za a samu ƙwayar a kansa ba. Ba ta je zuciyar ba. Garkuwar jikinsa ce ta kai wa zuciyar hari.

Ƙwayar ita ce bakteriyar da ake kira Streptococcus pyogenes, ko sitirep rukunin A. A jikinta akwai wani furotin mai kama da gashi da ake kira furotin M. Idan ta kama maƙogwaro, jiki yana ƙera antibodi, wato makamin garkuwa, da zai gane wannan furotin da wasu sassan bangonta. To sai aka samu cewa ginin waɗannan sassa yana kama da na wasu furotin na naman zuciya da bawul da gaɓoɓi. A wasu yaran, bayan an gama da ƙwayar, sojojin jiki sai su ci gaba da faɗa, suna dukan duk abin da ya yi kama da ita. Ƙwayar ta shafa wa zuciya kashin kaji, ta tafi abinta. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa a ranar, sai bayan mako biyu zuwa uku, gwargwadon lokacin da garkuwa ke ɗauka ta gama shiri. Sunansa zazzaɓin rumatik. Tsoffin likitoci suna cewa yana lasar gaɓoɓi amma ya ciji zuciya, domin gaɓoɓin suna warkewa sarai, tabon bawul ne ke zama.

Uwar Yara Uku:
Likita, ke nan ni na jawo masa? Da na ƙarasa ba shi maganin da bai shiga wannan halin ba?

Likitan Yara:
Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, kwana 10 ɗin nan ba don ciwon wuyan aka sa su ba. Ciwon wuyan ko ba magani yakan lafa cikin kwana uku zuwa biyar. An sa su ne don a kawar da ƙwayar gaba ɗaya daga maƙogwaro, garkuwa ta daina ganinta. An tabbatar da haka tun 1950, a binciken da aka yi kan sojojin sama a wani sansani na jihar Wayomin a Amurka: waɗanda aka yi wa fenisilin, zazzaɓin rumatik ya ragu ƙwarai a cikinsu. Amma ki sani, mafi yawan yaran da suka yi wannan ciwon wuya ko ba a ba su komai ba, ba sa samun rumatik. Ko a lokacin da cutar ta ɓarke da ƙarfi, abin bai cika wuce uku cikin ɗari ba. Akwai halittar yaro a ciki, akwai irin ƙwayar da ta kama shi. Kuma kusan ɗaya cikin uku na masu rumatik ba su ma tuna sun yi ciwon wuya ba. Abin da ke hannunki yanzu shi ne hana ta sake kama shi, domin kowane sabon kamu yana ƙara wa bawul ɗin tabo.

Ɗan Lab:
Bari in ɗan faɗi yadda muke ganinta a wurin aiki, ko zai sa a san da wa ake magana. Idan aka goga auduga a tonsil ɗin yaro, wato ƙululun nan biyu na gefen maƙogwaro, sai mu shafa a kan faranti mai ɗauke da jinin tunkiya da aka daskarar, mu sa a ɗumi daidai da na jikin mutum, ya kwana. Da safe idan ka ɗaga farantin ka haska, za ka ga ɗigo-ɗigo ƙanana kamar kan allura, kowanne da da'ira a kewaye da shi wadda jan jinin ya ɓace fes, har kana iya karanta rubutu ta cikinta. Ta fasa jajayen ƙwayoyin jinin ne da guba biyu da take fitarwa, sitireptolisin O da S. Duk ranar da na ga wannan da'irar sai na tuna cewa abin da ta yi wa farantin shi take yi wa naman mutum. Wasu 'yan'uwanta ba sa fasa jinin duka, sai dai wurin ya koma kore-kore, wasu kuma ba sa taɓa shi ko kaɗan.

A madubin likita kuwa, ƙananan dunƙule ne a jere kamar carbi. Daga nan ta samo suna: a Girkanci kalmar farko na nufin murɗaɗɗiyar sarƙa, ta biyu ƙwaya. Likitan tiyata Theodor Billroth ne ya raɗa mata a 1874. Rukunin A da B da sauransu kuma aikin Rebecca Lancefield ne, wadda ta rarraba su a 1933 bisa irin sikarin da ke bangon jikinsu.

Hajiya, ina jin an yi wa ɗanki gwajin jini mai suna ASO. Ba ƙwayar ake nema da shi ba, sawunta ake bi, wato antibodin da jiki ya ƙera don gubar O ɗin nan.

Uwar Yara Uku:
Ƙwarai an yi, Malam. Na gani a takardar, sun ce ya hau sosai.

Abban Tagwaye:
To ni dai abin da na ɗauka daga nan shi ne duk yaron da ya ce wuyansa na ciwo, a ɗirka masa antibiyotik nan take. Me za a tsaya jira? Gara a sha a banza da a bar zuciya ta lalace.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya, a nan ban yarda da kai ba. Mafi yawan ciwon maƙogwaro bairas ne ke kawo shi, kuma antibiyotik ba ya yi wa bairas komai. A yara, sitirep ba ta wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ciwon wuya, a manya kuwa 5 zuwa 15 ne. Idan ka ba kowa, bakwai cikin goma sun sha abin da ba su buƙata, ga gudawa da ƙuraje, ga kuma horar da sauran ƙwayoyin cikin hanji su daina jin magani. Akwai alamun da ake dubawa. Na sitirep yakan zo farat ɗaya da zazzaɓi, tonsil ya kumbura da farin abu a kai, kaluluwa ta fito a gaban wuya tana zafi, kuma babu tari. Idan akwai tari da majina da dashewar murya da jan ido, ya fi kama da bairas. Ta fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15.

Abban Tagwaye:
Ƙanwata, wannan a littafi ne. Uwa da ke riƙe da yaro yana kuka tsakar dare ba za ta tsaya lissafin kashi cikin ɗari ba. Kuma ba ko'ina ake samun gwajin ba.

Likitan Yara:
Kowannenku yana da gaskiyarsa. Inda zazzaɓin rumatik ya yi yawa kuma gwaji ya yi wuya, likitoci suna saurin ba da maganin bisa alamun da ƙanwarmu ta lissafa, kuma hakan daidai ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a saya da kai, a sha kwana biyu a ajiye, wanda shi ne abin da yake faruwa a zahiri idan aka ce kowa ya sha. Sannan babu gaggawar tsakar dare. Ko an fara maganin kwana tara bayan fara ciwon, yana hana rumatik. Akwai sararin a kai yaro a duba shi da safe.

Wani abin da ke ba ni mamaki har gobe: fiye da shekara 80 ana dukan rukunin A da fenisilin, kuma har yau tana jin sa, alhali sauran ƙwayoyi da yawa sun daɗe da bijirewa. Wasu magungunan irin su eritromaisin ta fara ƙin ji, amma fenisilin da amoksisilin suna aiki.

Baba Tsohon Malami:
Na karɓi gyara, Likita. Amma ka bar ni da tambaya. In har jiki yana da sojoji irin waɗannan, yaya aka yi ƙwayar take samun wurin zama tun farko? Me ya hana su cinye ta a bakin ƙofa?

Ɗalibar Likitanci:
Baba, wannan ɓangaren ne ya fi ɗaukar hankalina a karatu. Shigar burtu take yi. Tana lulluɓe kanta da riga ta wani sinadari mai yauƙi da ake kira hayaluronik, kuma irinsa ne sak a fatarmu da ruwan gaɓoɓinmu. Fararen ƙwayoyin jini idan suka taɓa ta sai su ɗauka 'yar gida ce. Furotin M kuma yana janyo wasu furotin na jinin mutum ya yafa, ya hana a manna mata alamar da ke cewa a cinye ta. Ba ta tsaya nan ba. Idan wuri ya kamu, jiki yana sakin wani sinadari mai suna C5a wanda shi ne kururuwar da ke kiran fararen ƙwayoyin jini su kawo ɗauki. Ita kuma tana da almakashin da ke datse shi, kururuwar ba ta isa ba. Waɗanda suka iso sukan jefa mata taru na zaren DNA, sai ta fitar da abin da ke narkar da tarun. Shi ya sa mugunyarta take da ruwa-ruwa, ba kauri irin ta maruru.

Idan jiki ya yi ƙoƙarin killace ta da gudan jini, tana da sitireptokinas da ke sa gudan ya narke. Tana da wani kuma da ke narkar da abin da ya haɗe naman jiki. Saboda haka ciwonta a fata ba ya taruwa wuri ɗaya, bazuwa yake yi, ka ga jan yana tafiya.

Ɗan Lab:
Sitireptokinas ɗin nan ma an mai da shi magani. William Tillett ne ya lura da shi a 1933, daga baya aka riƙa yi wa masu bugun zuciya allurarsa don ya narkar da jinin da ya toshe jijiya. Haka kuma almakashin Cas9 da ake gyara ƙwayoyin halitta da shi, wanda ya sa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka samu kyautar Nobel a 2020, daga jikin wannan ƙwayar aka ciro shi. Ita tana amfani da shi ne ta kare kanta daga bairas ɗin da ke kama bakteriya.

Mai Allurar Wata:
Anti, ni ba masaniya ba ce, amma hanyar da ɗanki zai bi ni na riga na bi ta. Ina shekara 11 abin ya same ni. Nawa da rubutu ya fara, hannuna ya riƙa fizga, alƙalami yana faɗuwa, fuskata tana motsi ba da sona ba. A makaranta aka ɗauka iskanci ne, na sha tsawa kafin wani likita ya gane cewa rumatik ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Fizgar ta tafi bayan 'yan watanni, amma bawul ɗina na hagu ya samu tabo. Tun daga lokacin duk mako huɗu ake yi min allurar benzatin fenisilin. Ba zan yi miki ƙarya ba, tana da zafi, ruwanta fari ne mai kauri, yakan toshe allurar ma idan mai yi ya yi jinkiri. Abin da ya taimake ni: a bar kwalbar ta huce daga sanyin firji kafin a yi, a tura a hankali, kuma wasu ma'aikatan suna haɗawa da maganin kashe zafi idan likita ya amince. Akwai shekarar da na gaji na daina zuwa wata biyar. Ciwon ya dawo, kuma hoton da aka yi bayan nan ya fi na farko muni. Yau in na hau bene hawa biyu sai na tsaya na huta. Don girman Allah kada ki bari ya tsallake ko sau ɗaya.

Uwar Yara Uku:
'Yar'uwa, na karanta naki ina hawaye. Allah ya ƙara miki lafiya. Har yaushe za a yi ta yin allurar?

Likitan Yara:
Ya danganta da abin da hoton zuciya ya nuna. Wanda zuciyarsa ba ta taɓu ba, shekara 5 ko har ya kai 21, duk wanda ya fi tsawo. Wanda ta taɓu, aƙalla shekara 10. Wanda tabo ya zauna a bawul, yakan ci gaba har ya kai shekara 40 da haihuwa, wani har iya rayuwa. A yara da yawa da yoyon bai yi tsanani ba, idan aka riƙe allurar da kyau, yoyon yana raguwa, wani ya ɓace. Ba ƙaramar matsala ba ce a duniya: fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da ciwon zuciya na rumatik, kuma yana kashe fiye da 300,000 a shekara, akasari inda ake cunkoso a ɗaki ɗaya kuma asibiti ya yi nisa.

Sista Ungozoma:
Tunda an taɓo rukuni, bari in sa baki da wadda muke fama da ita a ɗakin haihuwa, rukunin B. Ita tana zaune lafiya a hanji da al'aurar mata da yawa, kamar mace ɗaya cikin huɗu ko biyar, ba ciwo ba ƙaiƙayi, kuma ba alamar ƙazanta ba ce. Matsalar jariri ne, wanda garkuwarsa ba ta nuna ba. Yana iya ɗaukarta wajen fitowa, cikin kwanakin farko ya kamu da cutar jini ko ta huhu ko sanƙarau. Jaririn da ya ƙi kama nono, yana nishi, jikinsa ya saki ko ya yi sanyi, ba a kwana da shi a gida. Inda ake gwaji, ana duba mai ciki wajen mako na 36 zuwa 37, in an samu sai a sa mata fenisilin ta jijiya lokacin naƙuda.

Rukunin A ma tana da tarihi da mu. Ita ce ke kawo zazzaɓin bayan haihuwa da ya riƙa kwashe mata a asibitocin Turai, har Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin a birnin Biyana na Ostiriya a 1847, mace-macen suka faɗi warwas. A lokacin ba a ma san ƙwayar ba.

Abban Tagwaye:
Sista, to ita wadda ake cewa tana cin naman mutum fa? Na ga hotuna, na ɗauka wata ƙwaya ce daban.

Likitan Yara:
Sau da yawa ita ce dai, rukunin A, idan ta samu ƙofa ta rauni ko ƙurajen ƙarambau ta shiga ƙarƙashin fata. Tana bin shimfiɗar da ke lulluɓe da tsoka cikin sa'o'i. Alamar da ke tayar min da hankali ita ce zafin da ya fi abin da ido ke gani: fata ta ɗan yi ja kawai, amma mutum yana ihu. Wannan sai tiyata, magani kaɗai ba ya isa. Wasu irinta kuma suna da gubar da ke tayar da garkuwa gaba ɗaya. A ƙa'ida, ƙwaya ɗaya cikin dubbai na sojojin da ake kira T ce ke amsa kira, amma gubar nan tana iya tayar da kusan ɗaya cikin biyar a lokaci guda. Sai su yi ta ɓarin wuta kan mai uwa da wabi, jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya. Irin wannan gubar ce ke sa jan ƙurajen da ke bin ciwon wuya, fata ta yi kaushi kamar sanfefa, harshe ya yi jajir. Waɗannan munanan ba su da yawa, kada hankalin kowa ya tashi.

Wanda ya fi yawa kuma ake rainawa shi ne na fata: ƙuraje masu ɓawo ruwan zuma a fuska ko ƙafa, musamman kan sosar ƙazuwa. Bayan mako uku zuwa shida wani yaron sai ya tashi da kumburin fuska, fitsari ya yi duhu, jini ya hau. Nan ma ba ƙwayar ce ta je ƙoda ba, tarkacen faɗan ne, antibodi da guntayenta suka maƙale a matatar ƙodar. Yawancin yara suna warkewa.

Baba Tsohon Malami:
Ikon Allah. To me ya hana a yi mata allurar rigakafi a huta?

Ɗalibar Likitanci:
Abu biyu, Baba. Furotin M ya haura iri 200, wanda ya warke daga ɗaya bai tsira daga sauran ba, shi ya sa yaro yake yin ciwon sau da yawa. Na biyu shi ne abin da ya samu ɗan Anti: ana tsoron rigakafin da zai koya wa jiki dukan furotin M ya koya masa dukan zuciya. Ana kan gwaje-gwaje, amma babu wanda aka amince da shi tukuna. 'Yar'uwarta nimokokas, mai kawo ciwon huhu da sanƙarau da ciwon kunne, ita tana da rigakafi, domin rigarta ta sikari ce da ba ta kama da komai a jikinmu. Masu sikila sun fi kowa buƙatarsa, saboda saifa ce ke tace irin waɗannan ƙwayoyi masu riga, tasu kuwa tana lalacewa tun suna ƙanana.

Uwar Yara Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya ta ƙarshe, Likita. Ƙannensa biyu ɗaki ɗaya suke kwana da shi. Za su iya ɗauka a wurinsa? Ƙaramar tun jiya take cewa wuyanta.

Likitan Yara:
Rumatik ɗin kansa ba a ɗaukarsa. Ƙwayar ce ake ɗauka, ta tari da atishawa da yawu, kuma shi da yake kan fenisilin ba ya yaɗa ta. Amma tana iya yawo a tsakanin sauran 'yan gida ko 'yan aji, wasu suna ɗauke da ita ba tare da ciwo ba. Tunda yayanta ya yi rumatik, ita ma tana iya samun irin halittarsa, don haka kada ki jira. Ki kai ta gobe, ki gaya wa likitan abin da ya samu yayan tun kafin ya tambaya. Idan aka fara mata magani, bayan kwana ɗaya ba ta yaɗawa, tana iya komawa makaranta in zazzaɓin ya sauka. Kofinta da cokalinta a ware su zuwa lokacin.

Mai Allurar Wata:
Anti, ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar kowace allura da ɓangaren da aka yi, dama ko hagu, don a riƙa sauyawa. Kuma duk ranar da za a cire masa haƙori ko a yi masa wani aiki a baki, a fara gaya wa likitan haƙorin cewa yana da tabo a bawul.

Uwar Yara Uku:
Na rubuta duka. Allurarsa ta biyu ranar Talata ce, ƙaramar kuma da sassafe zan kai ta in sha Allahu. Zan dawo in faɗa muku abin da gwajin ya nuna.